Yadda ake shirya karin kumallo mai gina jiki a gida maimakon saye a waje

Mafi yawan gidajen da ke sayen karin kumallo a waje ba rashin iya damun koko ko suyar ƙosai ne ya sa suke saye ba, lokaci ne ke ƙure musu. Tsakanin sallar asuba da ƙarfe bakwai da rabi, lokacin da ya kamata yara su kama hanyar makaranta, maigida kuma ya nufi kasuwa ko ofis, akwai wanka, akwai shara, akwai neman takalmin da ya ɓata, saboda haka abin da ya fi sauƙi shi ne a miƙa wa yaro kwano da kuɗi a ce ya ruga wurin mai ƙosai, manya kuwa su tsaya teburin mai shayi a soya musu indomi da ƙwai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan sauƙin ya koma tsada, domin hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kuma ko ba a karanta alƙaluma ba kowa ya ga yadda ƙwayar ƙosai ta ƙanƙance, kokon saye ya tsinke. Dabarar da za ta fid da gida daga wannan hali ita ce a ɗauke nauyin aikin daga safiya a mayar da shi daren jiya da ƙarshen mako, ta yadda abin da zai rage da asuba ba zai wuce aikin minti ashirin ba.

Mataki na farko: a san abin da ake kashewa

Kafin a sayi ko ƙwayar gero ɗaya, a ɗauki mako guda ana rubuta duk abin da ya fita daga aljihu da sunan karyawa, har da canjin da ake ba yara da shayin da maigida ke sha a bakin kasuwa bai ƙirga shi cikin cefane ba. A ce yara huɗu ne, kowa ana ba shi naira 500 a ranakun makaranta: a mako naira 10,000 ke nan, a wata kuma naira 40,000, ba a sa na iyaye ba. Duk adadin da lissafin gidanku ya bayar, rabinsa za a ware a matsayin jarin sayayyar farko, sauran rabin a ajiye don mai da makamashi da kayan miya.

Mataki na biyu: sayayya da adanawa

Ana sayen kayan karin kumallo ɗanyu, a mudu ko a tiya, ba a ƙulle-ƙullen leda ba, domin a ƙullin nan ne ribar mai kanti take. Abubuwan da ba a rasa su su ne gero, farin wake, gyaɗa, alabo ko dawa, kuka, tsamiya, kanwa kaɗan, da kayan ƙamshi, wato citta da kanumfari da masoro. Wanda ke Kano, idan ya haɗa kuɗi da maƙwabta biyu ko uku suka sayi buhu a kasuwar Dawanau suka raba, zai ga bambanci da farashin unguwa, wanda ke kusa da kasuwar ƙauye kuma ya nufe ta ranar da take ci. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga watan Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da sabon amfanin gona ya shigo.

Wake shi ne ƙashin bayan wannan tsari, kuma mun yi sa'a, domin Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen nomansa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake sinadarin gina jiki ne, kuma idan aka haɗa shi da hatsi kowane yana cike giɓin ɗan'uwansa, wanda ke nuna cewa koko da ƙosai da iyayenmu suka saba haɗawa abinci ne cikakke, ba na talaka kawai ba. Wajen saye a shinshina waken, idan yana warin magani a bar shi, domin wasu 'yan kasuwa na zuba masa maganin ƙwari don kada ya huje. A gida ba a buƙatar wani magani: a shanya waken ya bushe ƙarau, a cika jarka mai tsabta da shi har baki, a toshe murfin yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin da ke ciki za su mutu da kansu. Gyaɗa kuwa a baza ta a faifai a tsince duk wadda ta yi baƙi, ko ta yamutse, ko ta yi funfuna, a zubar ba tare da jin asara ba, saboda irin wannan gyaɗar na ɗauke da gubar da ke illata hanta, kuma suya ko tafasa ba sa kashe ta.

Mataki na uku: aikin ƙarshen mako

A nan ne aikin yake, kuma wanda ya yi shi da kyau ya huta har kwana bakwai. Abu uku ake shiryawa: gasara, surfaffen wake, da garin ɗan wake.

Gasara ita ce ta fi cin lokaci. A auni gero mudu ɗaya, a sheƙe shi, a rege tsakuwa da kyau, domin babu abin da ke ɓata koko kamar ƙasa a ƙarƙashin kofi. A wanke shi sau biyu ko uku, a jiƙa tun daren Juma'a, da safiyar Asabar a zubar da ruwan jiƙon a sake ɗauraye shi, a zuba citta kamar yatsu biyu ko uku, da kanumfari ɗan kaɗan saboda yana da ƙarfi, da masoro, wanda ke son yaji-yaji ya sa barkono biyu, sannan a kai inji a markaɗa ya yi laushi. A nan akwai abin lura: a roƙi mai inji ya ɗauraye injinsa kafin ya zuba, ko kuwa a je da wuri kafin masu markaɗen kayan miya, in ba haka ba kokon mako guda zai riƙa ƙamshin tattasai. Da an dawo gida a ƙara ruwa a ƙullun, a tace da rariya mai laushi ko ƙyallen tata, ana matsa dusar ana ƙara ruwa har sai ruwan da ke fita ya yi fari-fari babu kauri. Dusar ba shara ba ce, abincin kaji da awaki ce. A rufe ruwan da aka tace a bar shi ya kwana, washegari za a tarar gasarar ta kwanta a ƙasa, ruwan sama kuma ya yi ɗan tsami. A tsiyaye shi a hankali, amma a ajiye kaɗan, domin wanda ke son koko mai tsami da shi zai dama.

Adana gasara ya danganta da halin wutar lantarkin unguwa. Mai firji ya raba ta curi-curi gwargwadon damun kwana ɗaya ya daskarar. Wanda ba shi da firji ya bar ta a bokiti mai murfi da ruwa a kanta, yana canza ruwan kowace safiya, za ta yi kwanaki ba ta lalace ba, sai dai tsaminta na ƙaruwa, musamman a bazara. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta shanya: a zuba gasarar a buhun yadi mai tsabta, a ɗora mata nauyi ruwan ya tsane, a marmashe ta a faranti, a rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda, a shanya har ta bushe sarai. Busasshen kamu, wato gasarar da aka shanya, yana yin watanni a cikin roba mai murfi, kuma shi ne ke ceton gida ranar da komai ya cakuɗe.

Surfen wake bai kai wannan wahala ba. A jiƙa mudu ɗaya na kamar minti goma, kada ya wuce haka domin idan ya sha ruwa ɓawon ba ya fita da sauƙi, a zuba a turmi a surfa a hankali, a wanke har ɓawon da hancin waken su fita, sannan a shanya ya bushe a adana. Daga wannan waken za a riƙa ɗiban na ƙosai da na alala. Garin ɗan wake kuma a haɗa wake mudu biyu da alabo ko dawa mudu ɗaya a kai niƙa a tankaɗe. Garin da ake sayarwa a kasuwa yawanci fulawa ko alabo ne ya rinjaye shi saboda sun fi araha, alhali a gida wake ne zai yi rinjaye, kuma a nan ne amfanin yake.

Mataki na huɗu: abin da ake yi bayan sallar isha

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara, amma a wannan sha'ani tun daren jiya ake kama ta. Kafin a kwanta a yanke shawarar abin da za a ci gobe, a ɗebi surfaffen wake a ajiye inda za a jiƙa shi da asuba, a jiƙa kanwa da tsamiya kowace a kofinta, a fere dankali a bar shi cikin ruwa, a cika tukunya da ruwa a ɗora a kan murhu ba a kunna ba, a tabbatar akwai ashana da gawayi ko iskar gas. Abu ɗaya da ba a yi da dare shi ne markaɗen ƙullun ƙosai, sai dai in akwai firjin da ke da sanyi, domin ƙullun wake yana saurin yin tsami a lokacin zafi, kuma ƙosan da aka soya da shi yana shan mai.

Mataki na biyar: girkin safiya

Koko shi ne mafi sauri. Ga kowane mutum a ɗebi gasara cokali uku a cike, a dama da ruwan sanyi ɗan kaɗan har ta narke babu gudaji, amma ta kasance da kaurinta. A bar ruwan tukunya ya tafasa sosai yana ɓararraka, kamar kofi ɗaya da rabi ga kowane mutum, sannan a sheƙa shi a kan gasarar a lokaci guda ana juyawa da ludayi, da an ga launin ya canza ya yi kauri a dakata, a rufe minti biyu. Duk kokon da ya ƙi kamawa, ɗayan biyu ne: ko ruwan bai tafasa ba, ko ruwan damun ya yi yawa. Gyaransa shi ne a juye shi a tukunya a mayar kan wuta ana juyawa har ya dahu. Ga yara ƙanana, cokali ɗaya na niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin soyayyen waken suya a cikin kofinsu zai sa kokon ya riƙe su har tashi daga makaranta, domin koko zalla ba ya daɗewa a ciki.

Ƙosai yana buƙatar ɗan haƙuri. Gwangwanin madara uku na surfaffen wake ya ishi mutum biyar ko shida idan da koko za a haɗa. A jiƙa shi da an tashi sallah, bayan kamar awa ɗaya a markaɗa da albasa da attaruhu, da ruwa kaɗan ƙwarai, domin ƙullu mai ruwa ba ya yin ƙosai. Sirrin yana wajen bugu: a sa muciya ko maburgi a buga ƙullun ta gefe ɗaya na minti biyar ko fiye, har ya yi fari ya tashi ya yi sauƙi a hannu. Don gwadawa a ɗiga kaɗan a kofin ruwa, idan ya taso sama ya bugu. Gishiri sai an zo suya ake sawa, kuma a ɗan abin da za a soya a lokacin, saboda yana sakin ƙullu. Mai ya yi zafi daidai, yadda idan an jefa yankan albasa zai taso nan take yana ƙara ba tare da ya ƙone ba. Idan man bai yi zafi ba ƙosan zai sha shi ya yi nauyi, idan kuma ya yi zafi fiye da kima baya zai ƙone ciki ɗanye. A tsame a matsami a bar shi ya tsane. Fifikon ƙosan gida a kan na titi ba a ɗanɗano yake ba, domin masu sana'ar sun fi mu hannu, a mai yake: a gida an san man da aka zuba, kuma da ya yi duhu ko ya fara kumfa za a daina suya da shi.

Gidan da ke son rage mai, ko inda akwai mai hawan jini ko mai ƙiba, ya juya ƙullun nan zuwa alala. A ƙara masa ruwa kaɗan da manja ko man gyaɗa cokali uku da gishiri, in akwai ɗan busasshen kifi a marmasa a ciki, a shafa mai a gwangwanaye ko ƙananan kofunan ƙarfe maimakon ƙulla shi a leda, a turara na kamar minti arba'in. Da yake yana cin lokaci, ya fi kyau a dafa shi da dare a ɗumama da safe, ko a bar shi sai ranar da babu makaranta.

Ɗan wake kuwa abincin ranar aiki mai nauyi ne. A kwaɓa gari kofi biyu da kuka cokali ɗaya da ruwan kanwa kaɗan, ya yi danƙo amma ba tauri ba, a riƙa gutsura ana jefawa a tafasasshen ruwa. Kada a rufe tukunyar ruf, domin kumfa za ta taso ta kashe wuta. Bayan ya taso sama a ba shi minti goma zuwa sha biyar, a fasa ɗaya a duba cikinsa, sannan a tsame a ruwan sanyi. A ci da man gyaɗa kaɗan da yaji, a yanka tumatir da albasa da kabeji da yawa, in hali ya yi a raba dafaffen ƙwai. Kanwa kuma a yi mata hankali, yawanta na ɓata ciki.

Kunun gyaɗa ya dace da lokacin sanyi. A dama niƙaƙƙiyar gyaɗa da ruwa a tace, a ɗora a wuta ana juyawa don kada ya zube, idan ya tafasa ƙamshin ɗanyantaka ya fita a zuba damammiyar gasara, sai an sauke sannan a sa ruwan tsamiya. A irin waɗannan safiyoyi na hunturu ne mutane ke shigar da gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga, abin da ke kashe mutane kowace shekara, domin hayaƙinsa mai guba ba shi da wari ba shi da launi. A hura shi a tsakar gida.

Ba zan tsallake ɗumame ba, ko da yake wasu yaran yanzu na yi masa kallon raini. Babu karin kumallon da ya kai shi araha, tun da an riga an biya kuɗinsa jiya. Sharaɗinsa shi ne a ware tuwon da miyar tun kafin a sa hannu, a tafasa miyar kafin a kwanta a bar ta a rufe, da safe kuma a sake tafasa su har zafin ya ratsa tsakiyar malmalar, ba a ɗan ɗumama sama-sama ba. Idan tuwon ya yi yauƙi ko warinsa ya canza, musamman tuwon shinkafa a watannin Maris da Afrilu, kada a yi masa rowa, kuɗin asibiti ya fi kuɗinsa. Haka nan dafaffen dankalin Hausa da miyar ƙwai abinci ne na minti ashirin, kuma ƙwai biyu za su ishi mutum huɗu idan aka soya su da tumatir da albasa da alayyafo ko zogale mai yawa.

Mataki na shida: sukari, gishiri da shayi

Girki a gida ba ya zama mai lafiya idan aka kwaso halin teburin mai shayi aka shigo da shi ɗakin girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula goma sha biyu, ta kuma ce rabin haka ya fi, gishiri kuwa kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Wanda ya zuba cokali huɗu a koko, ya ƙara huɗu a shayi, ya cinye kashi biyu cikin uku na rabonsa na yini tun bai fita daga gida ba. Ba a yanke sukari rana ɗaya, yara za su yi tawaye. A rage rabin cokali duk mako, a ƙara citta da tsamiya, harshe zai saba. Dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne, in an sa shi a rage gishirin, daddawa kuma tana maye gurbinsa a miya. Zuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Shi kuma ganyen shayi yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke ɗauka daga wake da hatsi, don haka mai ciki da mai ƙarancin jini su jinkirta shi zuwa kamar awa ɗaya bayan cin abinci, su haɗa abincin da lemo ko gwaba ko tumatir, waɗanda ke taimakawa wajen ɗaukar sinadarin.

Mataki na bakwai: rabon kwanaki da rabon aiki

A jera abincin bisa nauyin ranaku. Litinin, da kowa ke gaggawa, koko da alalar da aka dafa da dare. Talata ɗumame, Laraba ɗan wake, Alhamis dankali da ƙwai, Juma'a kunun gyaɗa, ƙosai da waina kuma a bar su Asabar da Lahadi da ake da sarari. Ba laifi ba ne a bar rana ɗaya a mako a sayi ƙosai wurin mai suyar unguwa, wadda sau da yawa da wannan kaskon take ciyar da 'ya'yanta, a dama kokon a gida.

Tsarin zai rushe cikin mako biyu idan aka jibga shi a kan uwargida ita kaɗai. Maigida ya ɗauki sayayya da kai markaɗe, samari su yi surfe da ɗiban ruwa, 'yan mata su yi tata da yanka kayan miya, kowa ya wanke kofinsa. Wanda ke fita tun da duhu a zuba masa koko a filas da aka ɗauraye da ruwan zafi, zai kai hantsi da ɗuminsa. Gwauro ko ɗalibin da ke zaune shi kaɗai ba ya buƙatar turmi ko rariya: busasshen kamu, garin ɗan wake, gyaɗa, ƙwai da ƙaramar tukunya sun ishe shi, kuma zai iya ba wata 'yar'uwa gero da ladan aiki ta yi masa kamun wata guda.

Ranar da aka makara, kuma za a makara, kada a koma ga kwano da kuɗi. A dama busasshen kamu, a dafa ƙwai a cikin ruwan da ake jira ya tafasa, a zuba wa kowane yaro soyayyar gyaɗa ko ƙuli-ƙuli da ayaba ɗaya a jakarsa, duka ba zai wuce minti goma ba. Ranar Juma'a da dare kuma a duba jarkar wake da robar kamu, a jiƙa geron mako mai zuwa.